Shanu Biyu, Ladan Mawaƙin Gwamna

Yau za mu leƙa Ostireliya, inda adabin Turawa 'yan kama-wuri-zauna ya fara rarrafe a shafin jarida. A ranar 5 ga Maris, 1803 aka fara buga jaridar Sydney Gazette, kuma George Howe, wanda ya buga ta, fursuna ne da aka koro daga Ingila.

Shi ma mawaƙinta, Michael Massey Robinson, fursuna ne. Daga 1810 ya riƙa tsara waƙoƙin yabo na ranar haihuwar Sarkin Ingila da Sarauniya, yana karantawa a gidan gwamna, jarida tana bugawa. Gwamna Macquarie ya ji daɗi, ya ba shi tukuicin shanu biyu. Makaɗin fada ke nan, ba ragi! Da gwamnan ya tafi, kasuwarsa ta mutu.

Sai a 1826 haifaffen ƙasar, Charles Tompson, ya fitar da littafin waƙoƙinsa.

Abin da ke damuna, jama'a, shi ne kiran wannan zamani "mafarin waƙa" a ƙasar. 'Yan asalin Ostireliya sun shafe dubban shekaru suna rera nasu waƙoƙin kafin jirgin Bature ya iso.