JAWABIN SHUGABAR MATA, KATABU: HATTARA DA BATIR A GIDAJENMU

Iyayena, yayyena da ƙannena, matan jam'iyya, sannunku da ƙoƙari. Yau ba maganar zaɓe na kawo ba, maganar batir ce, don lafiyar 'ya'yanmu.

Na farko, batirin waya da na fawa bank. Wuta sai dare take zuwa, mu jona caji mu kwanta. Don Allah kada a bar waya tana caji kan katifa ko ƙarƙashin matashi. A ɗora ta kan siminti ko tebur. In kin ga bayanta ya kumbura ko tana zafi fiye da kima, ki daina caji. Kada a danne, kada a huda da allura, batirin yana iya kama wuta. Ki kai wa mai gyara ya canza. Ko kamfanin Samsung sai da ya janye Galaxy Note 7 a 2016 saboda batirinta na kamawa da wuta, balle jabu mai araha.

Na biyu, wanda ya fi tayar mini da hankali: ƙaramin batir mai kamar kwabo, na agogo da wasan yara. In yaro ya haɗiye shi ya maƙale, cikin awa 2 yana iya ƙona maƙogwaro. Kada a ba shi manja, kada a sa shi amai. A garzaya asibiti nan take, ko Kawo ko Barau Dikko. In ya haura shekara 1, a ba shi zuma cokalin shayi 2 duk bayan minti 10 a hanya, kada ya wuce sau 6. Jariri kuwa ba a ba shi zuma.

Na uku, batirin sola da na mota. Cikinsa dalma ce da ruwan asid. Gubar dalma ce, daga aikin haƙar zinare, ta kashe yara sama da 400 a Zamfara a 2010. Kada a fasa shi a tsakar gida, kada a ƙona da shara, kada yara su yi wasa da shi. A mayar wa mai sayarwa a yi musaya.

Shugabannin mata na unguwanni, kowacce ta karanta wannan a taronta, ta tura wa maƙwabta ko ba 'yan jam'iyyarmu ba ne. Allah ya tsare mana zuri'a, amin.