Fatsa a Tsibiran Seychelles: Nishaɗi da Hattara

A tsibirin Alphonse na ƙasar Seychelles, kimanin kilomita 400 daga tsibirin Mahé, masu yawon buɗe ido kan shiga ruwan teku iya gwiwa suna kamun kifi da wata irin fatsa. Babu tana a ƙugiyar. Gashin tsuntsu da zare ake ɗaura mata har ta yi kama da ƙaguwa ko jatan lande. Kifin da aka kama kuma sakinsa ake yi.

Sai dai teku ba ta da aboki. A 2009 'yan fashin Somaliya sun kama jirage a ruwan ƙasar, a 2011 kuma kifin shak ya kashe baƙi biyu a gaɓar Anse Lazio da ke tsibirin Praslin.

Don haka kada baƙo ya shiga ruwa ba ɗan jagora. Ya kamata baƙon ya san lokacin cikowar teku, ya sa takalmi mai kauri saboda kaifin murjani, ya sa tabarau don kare ido daga ƙugiya, ya riƙa shan ruwa saboda zafin rana. Rigakafi dai ya fi magani.