Ciwon Damuwa: Gado Ba Hukunci Ba Ne



Mu da muka tashi a cikin birni, daga Yakasai zuwa Mandawari, mun san yadda binciken aure yake. Da zarar an ce kakan yarinya ya taɓa samun taɓin hankali, sai dangin miji su janye. Saboda haka gidaje suke ɓoye mai ciwon damuwa, a ce masa ya yi haƙuri, wai ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

To, mene ne gaskiyar gadon? A shekarar 2000 wasu masana suka tattara binciken da aka yi a kan tagwaye, suka gano cewa gado yana da rabon kusan kashi 37 cikin 100 na haɗarin kamuwa da wannan ciwo. Saura kuwa yana ga abin da mutum ya gamu da shi a rayuwarsa. Babu wata ƙwayar halitta guda da ke haddasa shi. Abin da ake gada rauni ne, kamar katangar ƙasa wadda ba ta zubewa sai ruwa ya daɗe yana cin gindinta.

Ruwan kuwa shi ne maraici, da azabtarwa tun ƙuruciya, da karayar arziki, da mutuwar aure, da kaɗaici, da shaye-shaye. Mafi hatsari shi ne yanke ƙauna, wato mutum ya ɗauka ya zame wa danginsa kaya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa fiye da mutum 700,000 ke kashe kansu kowace shekara, kuma wanda ya taɓa yunƙurin haka shi ya fi bukatar a sa masa ido.

In muka ga ɗan'uwa ya daina barci, ya ƙaurace wa majalisa, yana cewa gara mutuwa, mu zauna mu tambaye shi kai tsaye. Tambaya ba ta cusa masa tunanin. Kada mu bar shi shi kaɗai. Mu raka shi asibitin Dawanau ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, domin ciwon yana jin magani, kuma addu'a ba ta hana ganin likita.

Gidan da ya san yana da wannan gado, farkawa da wuri ya kamace shi, ba ɓoyo ba. Allah ya ba mu lafiya, amin.