Haƙƙin Mai Gida Kan Littafin Ƙungiya: Misali Daga Kaugama



Kaugama gari ne a ƙasar Haɗeja, cikin Jihar Jigawa wadda aka ƙirƙiro a 1991. Ƙasa ce ta fadama, inda ruwan da ke raya gona shi ne kuma ke rushe gida, kamar yadda ambaliyar 2020 da ta 2022 suka nuna. Saboda haka masu gidaje sukan kafa ƙungiyar unguwa, kowane gida ya ba da karo-karo don yashe magudana, ko ɗaga jinga, ko gyaran rijiyar burtsatse. Ma'aji ya karɓa, magatakarda ya rubuta. To, littafin nan da aka rubuta, na wane ne?

Amsa ita ce, na waɗanda suka zuba kuɗin ne. Ma'aji ajiya aka ba shi, ba mallaka ba. Amma kunya da girmama na gaba sukan ɗaure harshen mai gida, don gudun kada a ce ya zargi dattijo da cin amana. Nan kuskuren yake, domin neman ganin lissafi ba tuhuma ba ne. Hasali ma, ma'aji mai gaskiya shi ya fi kowa cin moriyarsa, tun da gani ya kori ji.

Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 hukumomin gwamnati ta fi shafa, ba ƙungiyar unguwa ba. Dokar Ƙungiyoyin Gama-Kai ta 1993 kuwa ta wajabta binciken asusu, amma a kan ƙungiyar da ta yi rajista kaɗai. Ke nan, garkuwar mai gida ita ce tsarin mulkin ƙungiyarsa. Ya kamata ya ƙunshi abubuwa uku: rasit ga duk wanda ya biya, ranar da za a buɗe littafin shiga da fita ga kowane mamba, da karanta lissafi da Hausa a bainar jama'a kafin damina, don wanda bai iya karatu ba shi ma ya ji.

A taƙaice, inda aka ɓoye littafi, zato kan shigo, karo-karo ya tsaya, jinga ta zauna ba gyara. Ruwa kuwa, in ya taso, ba ya jiran a gama gardama.