Haƙƙin Mai Taɓin Hankali A Kan Unguwarsa

 Ya ku 'yan'uwa masu saurare a Magarya da Dungas, daga Bande da Wacha har Malawa da Dogo-Dogo, nasiharmu ta yau a kan ɗan'uwanmu ne da Allah Ya jarrabe shi da taɓin hankali.

Kowane gari ya san nasa. Wani yana ɗaure da mari a bayan ɗaki, wani yana yawo a kasuwa yara na binsa da jifa. Shari'a ba ta kama shi da laifin barin salla ko azumi a halin da yake ciki, amma cinsa da suturarsa da mutuncinsa suna wuyanmu. Idan danginsa sun gaza, nauyin ya koma kan jama'a: wasu suka ɗauka, saura sun kuɓuta, kowa ya kau da kai, laifin ya hau kanmu duka.

Mu sani cuta ce, kuma tana da sababi. Akwai macen da hankalinta ke gushewa bayan haihuwa, akwai matashin da tramol ya lalata, akwai wanda ya dawo daga cin rani hannu biyu, baƙin ciki ya rufe shi. Farfaɗiya kuwa, wadda zazzaɓin cizon sauro mai tsanani kan bar wa yaro, ba a ɗaukarta ta yawu ko ta cin abinci tare. Addu'a da ruƙiyya ba su hana zuwa likita, domin an umarce mu da neman magani. Asibitin Mansuri da Sarki Ƙalawun ya gina a Alƙahira a 1284 yana da sashen masu wannan cuta, kuma da wakafi ake ciyar da su.

Babban asibiti yana Damagaram, hanya da nisa, magani kuma na watanni ne ko shekaru. Da kuɗi ya yanke sai a daina sha, ciwo ya dawo, a sake ɗauko mari. Nan ne unguwa take da aiki. A 1954 likita Thomas Lambo ya sauke marasa lafiya a gidajen mutanen ƙauyen Aro, kusa da Abeokuta, kowanne da ɗan'uwansa mai jinya. Da rana su karɓi magani, da dare su kwana cikin jama'a. Duniya ta yi koyi da wannan tsari.

Mu ma kayan aikin suna hannunmu. Asusun Mata Masu Dubara da aka fara a jihar Maraɗi a 1991 ya nuna abin da zubin mako-mako ke iya yi; to kowace ƙungiya ta ware kaso domin maganin mai jinya da kuɗin motarsa. Rumbun tsimi ya fitar da 'yan tiyoyi ga gidan da mai nomansa ya kwanta. Gayya ta fara da gonarsa idan damina ta sauka. Liman da mai gari su zaɓi mutum biyu masu riƙon sirri da za su riƙa leƙa gidan, su tuna ranar komawa likita, su ba uwar da ke jinya damar hutawa.

Wanda ya samu sauƙi kuma a ba shi sana'a, ko kiwo ko saƙar tabarma, a matsa masa wuri a sahu, a daina kiransa da sunan ciwonsa. Kafin salla, kowane masallaci ya zauna ya lissafa gidajen da ke ɗauke da wannan jarrabawa, a fara da su wajen buɗa-baki da zakkar kono.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya saka wa masu jinyarsu, Ya karɓi azuminmu. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.