Guzurin Mai Ƙetare Iyaka

Jawabin da aka gabatar a taron ɗaliban Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa



An ɗora mini in yi magana a kan shirin tafiya ƙasashen waje, da irin wahalhalun da matafiyi kan yi karo da su. Tafiya dai ba baƙon abu ba ce gare mu. Fatake sun yi ta kai da komowa Gwanja neman goro, ayari guda da madugunsa da jagabansa, kowa ya san zangon da za a yada da mai masaukin da zai karɓe shi. Maniyyata kuwa a ƙasa suke bi ta Barno da Wadai da Darfur, wani ya shekara biyar bai ga Ka'aba ba, wani ma ya zauna a hanya ke nan. Garin Mai Wurno na Sudan, jama'ar Sarkin Musulmi Attahiru ne suka kafa shi bayan yaƙin Burmi na 1903. Yau jirgi ya taƙaita tafiyar shekaru zuwa sa'o'i, amma bai rage wa baƙo baƙuncinsa ba.

Bari in fara da takarda, domin a nan mutanenmu suka fi tuntuɓe. Yawancinmu a gida aka haife mu, takardar rantsuwar shekaru muka yanka a kotu. Sai ka ga mutum ɗaya shi ne Mamman a firamare, Muhammadu a sakandare, Mohammed a katin ɗan ƙasa; wani wuri ya ƙare sunansa da na mahaifinsa, wani wuri da Faskari ko Ƙanƙara. A gida kowa ya san duk shi ne. Ma'aikacin ofishin jakadanci kuwa mutum uku yake gani. Saboda haka, tun kafin a nemi fasfo, a daidaita suna da ranar haihuwa a kan kowace takarda, tun da yake da lambar ɗan ƙasa ake bayar da shi. Kuɗinsa ma ba na wasa ba ne: daga watan Satumba na 2025 mai shafi 32 ya koma naira 100,000, mai shafi 64 kuma naira 200,000. Ƙasashe da yawa ba sa karɓar fasfon da bai da sauran wata shida a gaba. Katin allurar shawara kuma sai ya kwana 10 da yi kafin ya fara aiki, watau wanda ya yi allura ana gobe tafiya bai yi kome ba. Daga 2016 allura ɗaya ta isa har ƙarshen rai. Mai zuwa Hajji ko Umara yana da ƙarin allurar sanƙarau. Duk takardun nan a yi musu kwafi biyu, ɗaya a bar wa na gida, ɗaya a ajiye a jakar da ba ta fasfo ba.

Akwai kuma abin da ya keɓanta da mu, wanda ɗan Kano ko ɗan Legas ba lalle ya yi tunaninsa ba. Mun san halin hanyoyinmu, ba sai na tuna wa kowa daren 11 ga Disamba, 2020, da aka kwashi ɗalibai fiye da 300 daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara ba. Wanda jirginsa zai tashi da asuba daga Kano ko Abuja, ya baro Sabuwa tun jiya da hantsi, ya kwana a Zariya ko inda ya sawwaƙa. Kada tsoron rasa jirgi ya jefa shi tafiyar dare. Kuma ba kowa ake sanar wa da ranar tashi da ta dawowa ba, domin a idon mugu duk wanda ya hau jirgi attajiri ne. Daɗin daɗawa, a watan Satumba na 2021 an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina, namu uku suna ciki, aka yi watanni ba a jin juna. Wanda yake waje a lokacin, da wa zai yi magana? Ya kamata kowane matafiyi ya tsai da wani ɗan'uwa amintacce a birnin Katsina ko Kaduna, wanda zai zama tsani tsakaninsa da gida.

To, an isa lafiya. Abin da ya faru a Sudan ya ishe mu darasi. Ranar 15 ga Afrilu, 2023, yaƙi ya ɓarke a Hartum tsakanin sojoji da dakarun ɗaukin gaggawa, alhali dubban ɗaliban Nijeriya, galibinsu 'yan Arewa, suna tsakiyar azumi da karatu. An rufe filin jirgi, wuta da ruwa suka ɗauke, bankuna suka rufe, wanda kuɗinsa ke cikin asusu ya zama daidai da wanda ba shi da ko anini. Sai bayan kwana goma sha motocin da gwamnati ta ɗauka suka fara tashi daga Jami'ar Afirka, suka doshi iyakar Masar. Can ma aka tsai da su kwanaki a cikin rairayi kafin a ba su izinin shiga, rukunin farko bai sauka Abuja ba sai 3 ga Mayu. A irin wannan rana abu uku ke cetar mutum: fasfo a jikinsa, 'yan kuɗi tsaba a ɗamararsa, da sunansa a rajistar ofishin jakadancin Nijeriya da ta ƙungiyar ɗalibai. Da yawanmu muna ganin rajistar nan ɓata lokaci ce. Amma in an zo kwashe jama'a, da jerin sunaye ake cika mota. Haka kuma wanda fasfonsa ya ɓace, ya fara kai rahoto ga 'yan sanda, sa'an nan ya tafi ofishin jakadanci da kwafin nan, a ba shi takardar tafiya ta gaggawa wadda za ta kawo shi gida.

Maganar kuɗi gajeriya ce, amma tana da ɗaci. A farkon watan Yuni na 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin hukuma. Kafin ƙarshen Fabrairu na 2024 ta haye 1,500. Wanda ya yi lissafin karatun shekara biyu da naira, sai ya wayi gari guzurinsa bai kai na shekara ɗaya ba. A 2024 Jami'ar Teesside ta Ingila ta dakatar da wasu ɗaliban Nijeriya a kan bashin kuɗin makaranta, har aka umurce su da barin ƙasar. Yayyenmu ma'aikata masu zuwa kwas, ku ma ku tabbata kuɗin guzuri ya shigo hannu kafin tashi, domin "za a aiko" ba ya biyan kuɗin masauki.

Yanzu na zo ga abin da ya fi tsaya mini a rai, watau saƙo. Mu mutane ne masu kunya da kara. Tsohuwa ta miƙo maka ƙulli a filin jirgi ta ce, "Ɗana, don Allah kai wa jikana a Jidda," da wane baki za ka ce a'a? Amma doka a can ba ta san kara ba. Abin da aka samu a jakarka naka ne, kuma a Saudiyya hukuncin safarar miyagun ƙwayoyi yana kai wa ga kisa. Kun tuna ɗalibar nan ta Kano da aka kama a Madina a watan Disamba na 2018, saboda wata jaka mai ƙwayar tramadol da aka liƙa wa sunanta. Bincike ya nuna wasu ma'aikata ne a filin jirgin Kano suka yi aika-aikar, ita ba ta ma san da jakar ba, duk da haka sai da ta yi wata huɗu a tsare kafin a sake ta a ƙarshen Afrilu na 2019. In wadda ba ta karɓi saƙon kowa ba ta sha wannan, ina ga wanda ya karɓa da hannunsa? Ku ƙirga jakunkunanku a gaban ma'auni, ku duba 'yar takardar da aka manna muku ku ga adadin ya yi daidai, ku adana ta. Saƙo kuwa, ko na kawu ne, a kwance shi a gabanka ka gani. Mai shan magani kullum ya tafi da shi a cikin kwalinsa, tare da takardar likita. Goro ma hukumar alhazai ta sha jan kunne a kansa.

Jiki shi ma yana da nasa baƙuncin. Muna taƙama mun saba da rana, amma a Hajjin 2024 zafi ya haura digiri 51 a Makka, mutane fiye da 1,300 suka rasu, mafi yawansu waɗanda suka shiga ba da izinin Hajji ba, ba su da tanti ba su da mota. Mai zuwa Turai kuma hunturun Funtuwa bai koya masa kome ba game da sanyin can, ga kaɗaici, ga kuɗin asibiti mai karya ƙashi in babu inshora.

Saura masu daɗin baki da ke yawo a garuruwanmu, suna ɗibar samari da zawarawa da alkawarin aiki a Libiya ko Aljeriya ko ƙasashen Larabawa. Halin da noma ya shiga a yankinmu ya sa kasuwarsu tana ci. A watan Oktoba na 2013 an tsinci gawarwaki 92 a hamada kusa da iyakar Nijar da Aljeriya, yawancinsu mata da yara, ƙishirwa ta kashe su bayan motocinsu sun lalace. Mu da muka iya karatu, nauyi ne a kanmu mu karɓi takardun ƙannenmu mu duba musu: bizar nan ta aiki ce ko ta ziyara, wa ya sa hannu a yarjejeniyar, nawa ne albashin, kuma a hannun wa fasfo zai zauna. Duk wakilin da ya ce fasfo zai zauna a wurinsa, ko ya ce za a gyara takarda in an isa, a ƙyale shi tun a Sheme.

Shugaban taro, na ga an ɗaga mini hannu lokaci ya yi. Na san a cikin yayyenmu akwai waɗanda suka yi karatu a Masar da Indiya, ina roƙo a ba su dama su yi mana bayanin neman biza da masauki kafin a shiga tambayoyi.