Jawabin Sakatare a Taron Wata: Raini Daban, Tauye Haƙƙi Daban

 

Kukan da aka fi kawo mana ofishin ƙungiya kwanan nan shi ne na raini. Ana ce da mu 'yan ƙauye, ba mu waye ba, don matanmu na sa hijabi, ko don mun ce ba mu yarda da giya da cakuɗar maza da mata ba. Mutum zai miƙe a taron iyayen yara, bai kai aya ba an kwashe da dariya. Akwai ciwo, ba mu musu.

To amma mu raba abu biyu. Sashe na 39 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya bai wa kowa damar faɗin ra'ayinsa, har da wanda ba ya son namu. Ba alƙalin da zai ɗaure mutum don ya ce ra'ayinmu tsohon yayi ne. Wanda ya kai duka a kan wannan, shi zai kwana a caji ofis, kuma mutanenmu na Mile 12 sun ga yadda cacar baki ta zama rikicin unguwa a 2016, har aka rufe kasuwa.

Hana mutum yin addininsa kuwa, wannan magana ce ta doka. Sashe na 38 ya ce kowa na da 'yancin bayyana addininsa a ɓoye da sarari. Da gwamnatin Legas ta hana hijabi a makarantunta, iyayen wasu yara mata biyu da ƙungiyar ɗalibai Musulmi, MSSN, ba su ɗauki sanda ba, kotu suka nufa. A 2014 Babbar Kotun jiha ta ba gwamnati gaskiya. Suka ɗaukaka ƙara, suka ci a 2016. Gwamnati ta haura Kotun Ƙoli, ita ma a Yunin 2022 ta tabbatar wa yaran haƙƙinsu. Shekara takwas ke nan daga faɗuwar farko. Da yawanmu da mun watsar tun a zagayen farko, mu ce ai dama ba a son mu.

Wannan sashe ya kuma hana a tilasta wa ɗalibi darasi ko ibadar addinin da ba nasa ba. Mu tuna, shi ne dai ke kare ɗan Kirista da ke karatu a Kano ko Sakkwato.

Saboda haka, in an kori 'yarki daga aji a kan hijabi, ko an sa ɗanka ibadar da ba tasa ba, kada a je makaranta da hayaniya. A rubuta rana, da sunan makarantar, da abin da aka faɗa, a kawo mana. Za mu fara da takarda zuwa ga shugaban makaranta, in ba a ji ba mu kai Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa. Wanda bai iya boko ba ya zo da ajaminsa, ko ya same mu a ajin yaƙi da jahilci bayan sallar Isha'i, a rubuta masa.